Sanarwa ga iyaye mata kan tumbiɗi da amai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da zafin nan ya shigo Kano, kusan kullum sai wata ta turo a rukunin nan cewa jaririnta yana amai.

Tumbiɗi daban, amai daban. Ɗan nonon da yake gangarowa gefen baki bayan ya sha, yaro yana wasansa, ba ciwo ba ne. Ki ɗora shi a kafaɗa, ki riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa, ki riƙe shi a tsaye kamar minti 20 kafin ki kwantar da shi rigingine. Ki ba shi kaɗan-kaɗan, akai-akai. Don Allah, kafin wata 6 ban da ruwa, ban da jiƙo, ko da kaka ta matsa. Nono ya ishe shi, har ƙishirwar ma.

Amma in aman kore ne, ko da jini, ko maɗiga ta faɗa, ko tsumman ya wuni babu fitsari, kada ki tsaya tambaya a rukuni. Ki goya shi zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibiti mafi kusa, kina ci gaba da shayarwa a hanya.

Allah Ya raya mana su.