Hoton nan ba na Bama ba ne

Gombak, Malesiya

Mutumina,

Salamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Hajiya? Na san kana cike da ni, wata huɗu ko gaisuwa babu. Babi na uku ne ya riƙe ni, sau uku malamina yana dawo min da shi da jan biro kamar an yanka kaza a kai.

Abin da ya tayar da ni yau shi ne hoton da ka jefa a zaurenmu na WhatsApp, na malaman Buda masu jan mayafi tsaye kan tarin gawarwaki, wai Musulmin ƙasar Bama, wato Myanmar, suka kashe. Haba malam, kai da kake mana wa'azin bin diddigin labari! Na girgizar ƙasar 2010 ne a yankin 'yan Tibet na ƙasar Sin, mutanen aikin ceto suke yi. Don Allah ka goge. Gaskiyar ma kaɗai ta isa ta hana mutum barci.

Akwai wani ɗan Rohingya, wata ƙabilar Musulmin Bama, da nake sayen kifi a hannunsa a kasuwar Selayang, mutumin Sittwe ne a jihar Rakhine. Da gurguwar Malayancina da guntun Larabcinsa muke hira. A 2012 aka yi wa wata 'yar Buda fyaɗe aka kashe ta, aka zargi Musulmi uku. Ranar 3 ga Yuni sai taron mutane ya tare bas a Toungup, aka sauko da Musulmi goma da ba su san hawa ba su san sauka ba, aka kashe su. Daga nan wuta ta kama, kowane ɓangare ya yi asarar rai da gida, amma cikin mutum kusan 140,000 da suka rasa matsuguni yawanci Musulmi ne. Tsohuwar mai kifin tana sansani a bayan garin Sittwe har yau. Ya ce ƙonewar gidan ba ta dame shi ba kamar ganin maƙwabcin da suke kamun kifi tare yana riƙe da galan ɗin fetur. Ban san me zan ce masa ba, sai na ƙara sayen kilo ɗaya da ba na buƙata.

Tun 1982 dokar Bama ta zare Rohingya daga cikin 'yan ƙasa. Nan ma katin Majalisar Ɗinkin Duniya kawai gare shi, aiki a ɓoye, yaransa ba sa shiga makarantar gwamnati.

Ka san me ya tayar da rikicin garin Meiktila, can tsakiyar Bama, a Maris 2013? Musu a shagon zinare tsakanin mai shago Musulmi da masu sayar masa 'yan Buda. Sama da mutum 40 suka tafi, har da ɗaliban wata Islamiyya. Lokacin Wirathu, wani malamin Buda mai zuga mutane a kan Musulmi, na yawo da wa'azinsa, ana liƙa alamar ƙungiyarsu ta 969 a shagunan 'yan Buda don kowa ya saya wurin nasa. Amma a garin nan dai wani malamin Buda ya buɗe gidan ibadarsa ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi. Irin mai jan mayafin da ka tsine wa a ƙasan hoton ka.

Af, ka tuna Baba Soja da "mu da muka je Bama"? Mu yi ta dariya muna kwaikwayon faretinsa. To Arakan ɗin da yake ambata ita ce Rakhine. Can sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yaƙi Japan a 1944 da 1945. Da na gaya wa mai kifin kakan abokina ya taka kogin Kaladan, sai ya ajiye wuƙa ya rungume ni, ƙarni da komai. Lambobinsa suna nan a akwatin ƙarfen, ko ƙannenka sun kai wa 'yan gwangwan?

Na ji wai ango na Ƙofar Na'isa ya ƙara ta biyu, kuma kai ne babban aboki. Kai da ko ɗaya ta gagare ka! Ina son cikakken bayani, har da wanda ya biya kuɗin ɗinki.

In yaron Alhaji zai dawo karatu wata mai zuwa, a ba shi daddawa da kuka. A ninka leda, ta bara duk kayansa ta bi. Zan ɗiba wa mai kifin, ya ce yana son ya ɗanɗana miyar mutanen Baba Soja.

Ka gaida Hajiya da kyau.

Naka,
Na Gwale