Amsa ga Hedimastan da ya yi mini tambaya a rediyo

Assalamu alaikum, Malam.

Ka bugo waya cikin shirin da aka yi da ni a nan Gombe, ka ce mene ne amfanin koya wa ɗaliban NCE, wato masu karatun malanta a kwalejin ilimi, fasaha, alhali makarantun da za a tura su ba wuta, ba kwamfuta, wasu ma ba ƙyaure? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Maganar kayan aiki kam gaskiyarka ce. Amma ka tuna shekarun 1980, da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4. Gwamnati ta sayo injunan koyar da fasaha daga waje ta raba wa ƙananan sakandare. Da yawa sun yi tsatsa a akwatunansu, don ba lantarki, ba kuma malamin da ya iya haɗa su. Ina jin tsoron a sake yin haka da kwamfuta.

A gyaran manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta yi a 2012, kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki suka koma darasi ɗaya a firamare, galibi malami guda ke ɗauke da su. To wannan malamin, in ya yi shekara uku a kwaleji yana haddar ma'anar lantarki don jarrabawa, bai taɓa haɗa batir da waya ya kunna ƙwan fitila ba, me zai nuna wa ɗan aji huɗu? Allo zai cika da Turanci, yara su kwafa su tashi. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Kwalejoji muna da su: ta fasaha a Gombe tun 1977, ga Billiri, ga Azare da Kangere a Bauchi. Fatana ɗalibi ya yi 'yan makonni wurin mai gyaran waya, ko mai walda, ko mai haɗa sola, kafin ya fita koyarwar gwaji. Ya kwance tocila ya mayar da ita. Ya iya bayyana wa yaro da Hausa yadda famfon tuƙa-tuƙa ke jawo ruwa. Ko jera umarni daki-daki, wanda shi ne tushen aikin kwamfuta, ana koyar da shi da tsakuwa a tsakar makaranta.

Roƙona gare ka, Malam: in ɗalibanmu suka zo gwaji makarantarka, kada a bar su da kiran suna da duba littattafai. Ka ba su darasin kimiyya da fasaha, ka zauna a bayan aji ka gani, sannan ka rubuto mana inda suka gaza.

Allah ya ƙara taimako.
Naka, wani malamin kwalejin ilimi, Gombe.