Sulallan da Yahudawa suka buga lokacin tawaye sun cancanci shiri guda

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na tarihin kuɗi, na kuma ƙaru. Sai dai da kuka zo kan Rumawa kun tsallake wasu sulalla da suka daɗe suna raina, wato waɗanda Yahudawa suka buga a birnin Ƙudus lokacin da suka yi wa Rum tawaye a shekarar 66 Miladiyya.

Kafin tawayen, da shekel, wato sulen azurfa na birnin Taya, ake biyan harajin Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus, alhali akwai hoton gunkin Melkart a jikinsa, saboda kyawun azurfarsa. Da Yahudawa suka ɗaga tutar tawaye sai suka buga nasu na azurfa, mai nauyin giram 14 ko kusa da haka, babu fuskar mutum ko ɗaya. Gefe guda kofin ibada ne da rubutun "Shekel na Isra'ila", ɗaya gefen reshe mai 'ya'yan rumman uku da "Ƙudus mai tsarki". Tsohon rubutun Ibraniyanci na kakanni suka tono, wanda a lokacin ma an daina amfani da shi a harkar yau da kullum. Shekarun kuwa daga farkon tawayen suke ƙirga su, ba daga hawan wani sarki ba.

Abin da ya fi taɓa ni yana kan 'yan kwabban tagulla. A shekara ta biyu da ta uku rubutun shi ne "'Yancin Sihiyona" (wani suna na Ƙudus), ga tulu ga ganyen inabi. A ta huɗu, da Rumawa suka cinye ƙasar suka doso birnin, sai ya koma "Domin fansar Sihiyona". A fahimtata, mutanen da suka fara da dogaro da takobi ne suka koma ɗaga hannu sama. A shekarar 70 Titus, jagoran rundunar Rum, ya rushe Haikalin. Rum ma da nata sulallan ta mayar da martani: mace zaune tana makoki a gindin dabino, an rubuta cewa an kame ƙasar Yahudiya.

A tawaye na biyu, na jagoransu Bar Kokba, wanda ya ɓarke a 132 zamanin Sarki Hadiriyan, sulallan Rumawa suka riƙa ɗauka su buga nasu tambarin a kai. Na taɓa ƙura wa hoton ɗaya ido har na hango ragowar haruffan Rumawa suna leƙowa ta gefe, ga kuma ƙofar Haikalin da aka rushe shekara sittin da biyu kafin nan.

Ina roƙonku ku gayyato masanin tarihi ya yi mana bayanin waɗannan sulalla a shiri na gaba, ku kuma sa hotunansu a shafinku domin ɗalibai su gani da idonsu.

Naku mai sauraro,
wani malamin tarihi daga Zariya