Amsa ga malamar da ɗalibanta ke gane lissafi a aji, su manta a jarrabawa

Assalamu alaikum Malama,

Kin tambaye mu a bainar jama'a me ya sa yara ke warware lissafi daidai ranar da aka koya musu, amma jarrabawa na zuwa sai su yi cirko-cirko kamar ba su taɓa ganinsa ba. Wannan matsala ta daɗe tana ci wa malamai tuwo a ƙwarya.

Dubi yadda aka saba ba da aikin gida: darasin yau, tambayoyi 12 duk iri ɗaya. Daga ta biyu yaro ya daina tunanin hanyar da zai bi, ta farko kawai yake kwaikwayo. A jarrabawa kuwa babu mai raɗa masa cewa wannan ta ninkawa ce, waccan ta rabawa. Zaɓen hanya shi ne abin da bai taɓa gwadawa ba.

A 2020 wani mai bincike kan koyo, Doug Rohrer, da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi da ɗalibai 787 'yan aji bakwai (kwatankwacin ajin farko na ƙaramar sakandare) a jihar Florida ta Amurka. Tambayoyin duk ɗaya ne, sai dai wasu azuzuwa sun same su kowane iri a jere, wasu kuma a cakuɗe. Da aka yi jarrabawar ba-zata bayan wata guda, 'yan cakuɗe sun ci kashi 61 cikin ɗari, 'yan jere kashi 38.

Ga shawararmu. Ki fara sabon darasi da misalin da kika warware mataki-mataki a allo, domin tun 1985 masu bincike Sweller da Cooper suka nuna amfanin haka ga sabon koyo a aljabara, wato lissafin da haruffa ke tsayawa a madadin lambobi. Sannan cikin tambayoyi 12, 4 su zama na yau, 8 daga makon jiya da watan jiya. Ki haɗa masu kama da juna da gangan: fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, yau a nemi kewayensa, 20, gobe girmansa, 24. Nan ne yara ke rikicewa.

Kada ki cakuɗa abin da ba a koyar ba tukuna. Kuma ki sani da farko aikin zai yi musu nauyi, kurakurai za su ƙaru, har su yi gunaguni. Kada hakan ya karya miki gwiwa. Washegari ki warware tambayoyin a allo, kowa ya gyara nasa da hannunsa.

Allah Ya taimake ki a kan wannan aiki.