Gidan sarautar Sabiya da gardamar da ta tashi a fadarmu ta Tawa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman fili a jaridarku domin in gyara wata magana da na ji a fadar da muke shan shayi nan Tawa, inda wani matashi ya dage cewa sarautun Turawa duk tsofaffi ne, kuma ba su san rikicin gado irin namu ba. Da yake na daɗe ina koyar da tarihi a lakwal, sai na ajiye kofina na ba shi labarin Sabiya, wata ƙasa a kudu maso gabashin Turai, kuma ina ganin masu karatu ma za su amfana da shi.

A 1804, shekarar da Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, Sabiyawa suka yi wa Turkawa tawaye a ƙarƙashin wani ɗan manoma mai fataucin aladu, Jorje Petrobic, wanda aka yi wa laƙabi da Karajorje, wato Baƙin Jorje. Shi ne tushen gidan Karajorjebic, kuma babu sarki ko ɗaya a cikin kakanninsa. Turkawa suka ci ƙarfinsa a 1813 ya tsere, sai Milosh Obrenobic ya ja tawaye na biyu a 1815. Da Karajorje ya komo a ɓoye a 1817, Milosh ya sa aka kashe shi, aka aika da kansa Santambul. Abin da zai ba masu bin salsala mamaki shi ne, Obren ɗin da gidan Milosh ke amsa sunansa ba ubansa ba ne, mijin mahaifiyarsa ne na fari.

Daga nan gidajen biyu suka yi ta karɓe-karɓen gadon sarauta. Ɗan Karajorje, Alekzanda, ya hau a 1842, aka tuɓe shi a 1858, Milosh ya komo da tsufansa. An harbe ɗansa Mihailo a 1868. Ƙarshen gidan Obrenobic ya zo a 1903, lokacin da hafsoshin soja suka kutsa fadar Belgirad, babban birnin ƙasar, da dare, suka kashe Sarki Alekzanda Obrenobic da matarsa Draga, suka jefo gawarwakinsu ta taga, ba su bar magaji ba.

Sai aka kirawo jikan Karajorje, Bitrus na Ɗaya, wanda ya yi karatun soja a Faransa, har ya yi mata yaƙi a 1870. A nan ne nake ganin darasin salsala yake, domin jikan mai fataucin dabbobi ya auri Zorka, 'yar mai sarautar Montenegro, ɗansu Alekzanda kuma ya auri Mariya ta Romaniya, tattaɓa-kunnen Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Aure biyu kacal suka shigar da gidan cikin dangin manyan sarakunan Turai. Wannan Alekzandan ne, da ya gaji ubansa, ya raɗa wa tarayyar Sabiya da maƙwabtanta suna Yugoslabiya a 1929, aka kuma harbe shi a birnin Marsai na Faransa a 1934 tare da ministan harkokin wajen Faransa, Louis Barthou.

Ɗansa Bitrus na Biyu ya gaje shi yana da shekara 11, Yaƙin Duniya na Biyu ya fitar da shi daga ƙasar a 1941, gwamnatin Tito, jagoran 'yan kwaminisanci, ta soke sarautar a 1945. A Amurka ya rasu a 1970, sai a 2013 aka maido da gawarsa Oplenac, makabartar gidan a Sabiya, kusa da kabarin Karajorje. Ɗansa Alekzanda, wanda aka haifa a wani otal a Landan, ya koma fadar kakanninsa a Belgirad a 2001, ana kiransa Yarima, amma ƙasar jamhuriya ce kamar tamu. Matashin namu ya ce zai bincika a wayarsa, har yau dai bai dawo mini da amsa ba.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi,
Tawa, Jamhuriyar Nijar