A Daina Shafa Man Kemis A Fatar Ido

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye 'yan'uwana kan wata lalura da ke tsananta a nan Katsina da zarar hunturu ya kama, wato bushewar fatar ido da ƙaiƙayinta, abin da likitoci ke kira ekzema.

A hunturun bara ne fatar idon 'yata mai shekara 9 ta soma bushewa tana ɓarewa kamar dusa, ga ƙaiƙayi da ke hana ta barci, har gefen idon ya yi duhu saboda yawan murza. Na yi abin da yawancinmu ke yi, na tafi kemis, aka miƙo mini wani ɗan man shafawa aka ce yana maganin kowane irin ciwon fata. Cikin kwana uku wurin ya yi sumul, amma duk lokacin da muka daina shafawa sai ciwon ya dawo fiye da da, don haka muka ci gaba har kusan wata biyu. Ranar da muka je asibiti, likita ta karɓi kwalin ta karanta, ta nuna mini kalmar clobetasol a jiki, sannan kafin ta ce komai ta tura mu a auna ƙarfin matsin idon yarinyar. Allah ya kiyaye, ba a sami illa ba, amma har yau ina jin faɗuwar gaba idan na tuna.

Abin da ta bayyana mini shi ne, fatar ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa take tsotse magani fiye da fatar hannu ko ta ƙafa. Mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone, idan aka daɗe ana shafa su a wurin suna ƙara sirantar da fata, suna iya jawo yanar ido, kuma suna iya haddasa hawan jinin ido, wanda ganin da ya tafi da shi ba ya dawowa. Da yawa daga cikin mayukan bilicin da ake sayarwa a kasuwa ma irin wannan sinadari ne a cikinsu.

Wani ɓangare na matsalar daga suna yake. Mu kan haɗa kyasbi da makero da ekzema mu ɗauke su ciwo ɗaya, alhali kyasbi da makero ƙwayar cuta ce irin ta fangas ke kawo su, ita kuwa ekzema rauni ne a fatar kanta, wanda ke sa ta kasa riƙe danshi, ba a kuma ɗaukar ta daga wani. Takan bi jini, musamman a gidajen da ake da masu asma ko yawan atishawa. Wani lokaci kuma wani abu ne fatar ba ta so, kamar turare, sabulu mai ƙarfi, hayaƙin turaren wuta, baƙin rinin gira, ko abin da yatsu suka kwaso suka kai ido.

Kwalli kuwa yana buƙatar magana ta musamman, domin na san yadda muke ƙaunarsa, har jarirai muke sa wa. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu da gubar dalma a jininsa, aka kuma gano cewa daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ya san wannan ba abin wasa ba ne, balle a zizara shi a kan fatar da ta riga ta tsage.

Abin da ya warkar da 'yata bai da tsada. Mun daina wanke mata fuska da sabulu da ruwan zafi, muka koma ruwa mai ɗumi kaɗan. Bayan kowace alwala sai ta dafa fuskar da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, ta shafa ɗan Vaseline marar ƙamshi tun fatar da sauran danshi, haka kuma kafin ta kwanta. Idan ƙaiƙayi ya taso, tsumma mai sanyi muke ɗora mata, muka kuma yanke mata farce. Likitar ta rubuta wani mai marar ƙarfi na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, ta ce kada mu wuce su ko da kwana ɗaya. Ta kuma gargaɗe ni cewa idan aka ga ƙuraje masu ruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko idon ya yi ja yana ciwo, ko gani ya dushe, to a tafi asibiti a ranar.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da su ƙara sa ido kan sayar da waɗannan mayuka ba tare da takardar likita ba, masu kemis kuma su riƙa tambayar inda za a shafa kafin su miƙa. Ina kuma roƙon jaridarka ta gayyato likitan fata da likitan ido su yi wa jama'a bayani da Hausa kafin watan Nuwamba ya shigo.

Wassalam,
Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.