Malam Edita, a kawo mana masu ilimin ƙasa cikin shiri

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni direba ne a Aboabo nan Kumasi, kusan kowane sati ina kai kaya Dunkwa, kuma abin da idona ke gani a hanya ne ya hana ni yin shiru.

Kogin Offin wallahi ya koma kamar kunu. Ka tsaya bakin gada a Dunkwa ka leƙa, ruwa ne ja mai kauri, ga ƙarar injin canfan na masu galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, inda da gonakin koko suke yanzu sai ramuka cike da ruwa, ga zaibar da suke kama zinariya da ita duk cikin kogin take ƙarewa, kifi ya sha mu kuma mu ci kifin. Shi wannan Offin ɗin fa can sama shi aka datse a Barekese inda yawancin ruwan famfonmu ke fitowa. A 2017 gwamnati ta hana galamse ta tura soja, abu ya ɗan lafa ya dawo.

To amma mu ma da namu laifin. Rafin Aboabo tsohona ya ce da suna kama kifi a ciki, yau ledar piyawata ce da bola, an kuma yi gini a kan hanyar ruwa. Damina da ta wuce ruwa ya shiga ɗakin maƙwabciyata cikin dare, da idona na ga tana ɗora jikokinta kan tebur, katifa da buhun shinkafar da take sayarwa duk sun tafi.

Ɗan ƙanwata ilimin ƙasa yake karantawa a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, da ya fara har ni na ce masa me za ka ci da wannan? Rannan ya nuna min hotunan tauraron ɗan adam na dajin Owabi da ke kusa da Kumasi a waya, na da da na yanzu, gidaje sun cinyo dajin ta gefe-gefe, ya kuma nuna min inda ruwa zai bi a unguwarmu in an yi ruwa mai ƙarfi. Daidai layin maƙwabciyar nan ya ɗora yatsa. Jikina ya yi sanyi.

Don Allah ku ware mana ko rabin awa a sati a rediyonku, ku kira irin waɗannan yaran da malamansu su yi bayani da Hausa, ku haɗa su da dattawan zango da suka san inda rafi yake bi tun kafin a zuba siminti. Ni zan kira waya ranar farko.

Naku,
mai sauraro daga Aboabo, Kumasi